Dalilin Da Ya Sa Tawul Ke Ƙandarewa Bayan Wanki, Da Na'urorin Da Suka Cancanci Kuɗin Mazaunin Wudil

A garin Wudil, Asabar ranar wanki ce ga matasa da yawa. Tun da hantsi igiyoyin shanya ke cika a ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, da gidajen hayar da ke kewaye da ita, da tsakar gidajen cikin gari. Kafin la'asar komai ya bushe. Riga da wando su sauko lafiya lau, amma tawul ya sauko a ƙandare kamar ƙirgi, in aka goga shi a jiki sai ka ce soson wanke tukunya.

Galibi ɗan kasuwa ake ɗora wa laifi, a ce jabu ya sayar. Wasu su ƙara omo a wanki na gaba, wasu su sayo ruwan laushi mai ƙamshi, wasu kuma su shiga TikTok da YouTube neman dabara. A can za su tarar da bidiyon da aka ɗauka a Amurka ko Ingila, a gidan da ke da injin busar da kaya da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗalibin da ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun ɗan garuwa ba zai ƙaru da yawancin irin wannan shawara ba.

Lamarin ya wuce jin daɗin wanka. Tawul mai kyau ya yi tsada, kuma wanda ya ƙandare ba ya shan ruwa sosai, yana ƙara kaushi ga fatar da hunturu ya riga ya busar, sannan yakan riƙe wari. Abubuwa uku ke jawo ƙandarewar: irin ruwan da aka yi wanki da shi, ragowar sabulun da bai fita ba, da bushewa wuri guda ba motsi. Duk ukun ana maganinsu ba tare da babbar na'ura ba, kuma wanda ya fahimce su zai gane na'urar da ta cancanci kuɗinsa da wadda talla ce kawai.

GSM ɗin da ba na waya ba

Abin da ake kira gashin tawul zare ne da aka saƙa ya fito waje a lanƙwashe, kamar dubban ƙananan zobba a tsaitsaye a fuska biyu na ƙyallen. Waɗannan zobba su ke shan ruwa, su kuma ke ba da laushi. Idan kowanne na tsaye da kansa, iska na ratsa tsakaninsu, tawul ya yi taushi. Idan suka kwanta suka manne da juna, sai ya koma ƙyalle mai kauri kawai.

An daɗe ana irin wannan saƙa da hannu a Turkiyya, musamman a birnin Bursa. Wani ɗan Ingila mai suna Henry Christy ya gan ta a Istanbul ya kai samfuri gida, kamfanin danginsa ya fara yin ta da inji wajen 1850, aka kuma nuna ta a babban bikin baje koli na Landan a 1851. Tun daga lokacin tsarin saƙar bai sauya sosai ba.

Matasa sun san GSM a matsayin tsarin sadarwar da ya shigo Najeriya a 2001. A takardar da ke liƙe a gefen tawul kuwa, haruffan na nufin giram nawa ke cikin murabba'in mita guda na ƙyallen. Daga 300 zuwa 400 shara-shara ne mai saurin bushewa. Daga 400 zuwa 600 matsakaici ne. Daga 600 zuwa 900 shi ne mai kauri irin na manyan otal-otal. Tawul mai faɗin santimita 70 da tsawon 140, mai GSM 500, nauyinsa a bushe kusan rabin kilo ne, in ya sha ruwa kuma ya ninka haka sau da yawa.

Ga mai wanki da hannu da ruwan saye, mafi kauri ba shi ne mafi alheri ba, domin yana cin ruwan ɗauraya kuma yana jinkirin bushewa da damina. Mai GSM 400 zuwa 500 ya fi sauƙin riƙo. Mai saye a kasuwar Juma'a ta Wudil, ko Kantin Kwari, ko wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, ya duba takardar ya ga ko auduga ce zalla ko an gauraya ta da roba. Akwai kuma irin na zaren roba mai santsi da ake kira maikurofaiba. Shi ba ya ƙandarewa kamar auduga, sai dai ba ya son zafi ko kaɗan.

Abin da masana suka gano a Japan

Ko an yi wanki da ruwa mai kyau, an kuma ɗauraye tas, tawul ɗin auduga da ya bushe a igiya yakan ɗan yi tauri. A 2020 masu bincike daga kamfanin Kao da Jami'ar Hokkaido a Japan suka wallafa sakamakon aikin da suka yi da wani madubin bincike mai iya taɓa saman silin auduga guda ɗaya. Sun gano cewa bayan ƙyalle ya bushe a ido, akwai ɗan ruwan da ke maƙale a jikin kowane sili, kuma halinsa ya bambanta da na ruwan da aka sani. Wannan ruwa yana aiki kamar gam, yana liƙe sili da sili a duk inda suka haɗu lokacin da ƙyallen ke bushewa.

Auduga na son ruwa. Ko a bushe take, a yanayi matsakaici tana riƙe da danshin da ya kai wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinta, yayin da zaren roba irin foliyesta ba ya riƙe ko kashi 1. Shi ya sa rigar ƙwallo ke saukowa daga igiya da laushinta, tawul kuwa a sandare.

Wannan gam ɗin ba shi da ƙarfi, motsi na karya shi. Abin da ya sa tawul ke fitowa da laushi daga injin busarwa shi ne injin na juya shi yana wurgi da shi har ya bushe, silin bai samu damar mannewa ba. Zafi na hanzarta bushewa ne kawai. Motsin kuwa hannu ma na iya samar da shi.

Ruwan Wudil ba iri ɗaya ba ne

Wudil na bakin kogi, kimanin kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri. Kogin da mutanen gari ke kira Kogin Wudil shi ne Kogin Haɗeja a taswira, kuma ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, waɗanda aka gina wa madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992. A cikin gari kuwa, wani da ruwan famfo yake wanki, wani da na burtsatse, wani da na rijiya, wani da duk abin da ɗan garuwa ya kawo. Kowanne da halinsa.

Ruwan kogi da damina yana ɗauke da laka mai laushi da ke shiga cikin gashin tawul ta bushe a ciki. Maganinta shi ne a bar ruwan ya kwana ya kwanta, a tsiyaye na sama. Alif na taimakawa wajen kwantar da laka, amma ba ya cire zartsi, kuma in ya yi yawa yana kashe kumfar sabulu.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yakan zo da ma'adinan kalsiyam da magnesiyam da ya narkar daga duwatsu. Shi ne irin ruwa mai zartsin da sabulu ba ya kumfa a ciki. Idan sabulun sanda ya haɗu da waɗannan ma'adinai, sai su zama wani farin dauɗa mai danƙo, irin wanda ake gani ya zagaye bakin baho bayan wanki. Irin wannan dauɗar ce ke liƙewa a gashin tawul, wanki bayan wanki, har ya daina shan ruwa.

Gane halin ruwan gida ba ya buƙatar kuɗi. A samu robar ruwa biyu iri ɗaya, a zuba ruwan sama ko ruwan leda a ɗaya, ruwan gida a ɗayar, kowacce kashi ɗaya cikin uku. A kankare sabulun sanda daidai wa daida a zuba, a rufe, a girgiza na daƙiƙa goma. Wanda ya yi kumfa mai tsayi, ƙasansa kuma garau, ruwa ne mai kyau. Wanda kumfarsa ta kwanta nan da nan, ya yi fari-fari kamar tsinkakken koko, yana da zartsi. Ba a gwajin da omo, domin omo na kumfa kusan a kowane ruwa.

Akwai wata 'yar na'ura mai kama da biro da ake tallatawa a intanet da sunan ma'aunin TDS. Ana tsoma bakinta a ruwa ta nuna lamba. Abin da take aunawa shi ne yadda lantarki ke ratsa ruwan, daga nan ta ƙiyasta jimillar abin da ya narke a ciki. Ba ta bambanta gishiri da kalsiyam, don haka lamba babba alama ce kawai, ba hukunci ba. Mai son sanin zartsin da ke hana kumfa ya nemi 'yan takardun gwaji masu sauya launi. A ma'aunin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, miligiram 60 zuwa ƙasa a lita guda ruwa ne mai laushi, 121 zuwa 180 mai tauri ne, abin da ya haura 180 kuma ya yi tauri ƙwarai. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya sa iyakar a miligiram 150.

Inda ruwan gida ke da zartsi, dabara mafi araha ita ce a yi ɗauraya ta ƙarshe da ruwa mai laushi: ruwan saman da aka tara da damina, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda ba ya ɗauke da ma'adinai amma ba na sha ba ne. Idan kuma ruwan burtsatse na barin jan tabo a bokiti, akwai ƙarfe a cikinsa, kuma zuba bilic kan ƙara fito da tabon a farin tawul.

Yawan kumfa ba shi ne tsafta ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba omo har kumfa ta tumbatsa. Gashin tawul soso ne, yana shanye ruwan sabulun ya riƙe. Ɗauraya ɗaya a bokiti ba ta fitar da shi, kuma wanda ke lissafin jarka yakan tsaya a ɗayar. Abin da ya rage ya bushe a cikin zaren ya ƙara masa tauri, ga wasu ma ya jawo ƙaiƙayi.

Tawul ɗin wanka jiki mai tsafta yake gogewa, dattinsa bai kai na kayan aiki ba. Rabin abin da aka saba zubawa kan isa. Ya fi kyau a narkar da garin omon a ɗan ruwa kafin a tsoma tawul, musamman da hunturu lokacin da ruwan sanyi ke hana shi narkewa. Jarkar da aka ajiye a rana tun safe kan yi ɗumin da ake buƙata ba tare da an taɓa gas ko gawayi ba. A ruwa mai zartsi omo ya fi sabulun sanda, domin ana haɗa shi da sinadaran da ke kama kalsiyam.

Ruwan da za a kashe a wanki gara a raba shi: kaɗan ga wanki, mafi yawa ga ɗauraya. Ɗauraya uku da ruwa kaɗan-kaɗan, ana matsewa sosai tsakaninsu, ta fi ɗauraya ɗaya da baho cike. Alamar an gama ita ce a matse tawul ruwa ya fito garau ba santsi. A wajen matsewa kuma, murɗa shi kamar igiya na tsinka gashin. A ninke shi a danna.

Ruwan laushi, khal da kanwa

Ruwan laushi irin su Comfort da Downy na lulluɓe zare da wani siririn maiƙo mai santsi. A riga yana da daɗi. A tawul kuwa, in ana zuba shi kowane wanki maiƙon na taruwa, ruwa ya riƙa zamewa a kai maimakon ya shige. Masu yin tawul da yawa na rubuta a takardarsa cewa a guje shi ko a rage. Wanda ba zai iya rabuwa da ƙamshin ba ya sa kaɗan sau ɗaya a wanki huɗu ko biyar, a ruwan ɗauraya na ƙarshe. Idan aka haɗa shi da omo a ruwa ɗaya, kowanne na kashe aikin ɗan'uwansa. Sabon tawul ma da irin wannan santsi yake fitowa daga masana'anta, shi ya sa yake da laushi a kanti amma ba ya shan ruwa sai an wanke shi.

Farin ruwan khal, wanda ake kira binega, yana da tsami wajen kashi 5 cikin 100, kuma tsamin na narkar da ragowar ma'adinai da sabulu. Rabin kofi a bahon ɗauraya, a bar tawul a ciki minti goma sha biyar, sau ɗaya a wata, ya wadatar. Warinsa na tafiya in ya bushe. Ruwan lemon tsami da aka tace ma yana yin kusan haka. Mai injin wanki ya duba littafin injinsa, domin wasu kamfanoni na gargaɗin cewa yawan khal na cin robobin ciki.

A bidiyoyi da yawa akan zuba khal da bekin soda tare, a yi ta murnar kumfar da ke tashi. Kumfar alama ce ta cewa sun kashe juna, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. In za a yi amfani da su, soda a wanki, khal a ɗauraya.

Kanwa, wadda ke kowane kicin, tana ɗauke da sinadarin da ke kwantar da kalsiyam, don haka tana tausasa ruwa mai zartsi. Sai dai tana zuwa da ƙasa da yashi. A jiƙa 'yar kaɗan daban, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan a cikin na wanki, sannan a ɗauraye sosai. In ta yi yawa, ita ma tana busar da ƙyalle da hannun mai wankin.

Gargaɗi mafi muhimmanci: kada a taɓa haɗa khal ko lemon tsami da bilic irin su Hypo da Jik. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai guba, wadda ke ƙona ido da huhu, kuma a ƙaramin banɗaki marar taga tana iya kai mutum asibiti.

Wane injin wanki ne ya dace?

Injin wanki mai ɗaki biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, shi ya fi dacewa da yanayin gidaje da yawa a Wudil. Kamfanoni irin su Hisense, LG, Scanfrost da Haier Thermocool duk suna yin sa. Ana zuba masa ruwa da bokiti, ba ya buƙatar famfo mai ƙarfi, in an ɗauke wuta ana ci gaba daga inda aka tsaya, kuma yawanci wat 300 zuwa 500 yake ja. Babban amfaninsa ga tawul shi ne ɗakin matsewa: yana fitar da ruwa fiye da hannu nesa ba kusa ba, kuma duk ruwan da ya fita ya tafi da sabulu da ma'adinan da ke cikinsa.

Mai ƙofa a gaba ya fi tattalin ruwa, wajen lita 50 a wanki guda, wato jarka biyu, alhali mai murfi a sama kan sha fiye da lita 100. Amma ƙarancin ruwan na nufin in omo ya yi yawa ba zai fita ba, sai an danna maɓallin ƙarin ɗauraya. Yana kuma son ruwan famfo mai ƙarfi da wuta tsayayya, kuma in aka sa shi ya ɗumama ruwa da kansa yana jan wajen wat 2,000, abin da ƙaramin janareta ko ƙaramar sola ba za su ɗauka ba. Wasu sababbin na haɗuwa da waya ta manhajoji irin su LG ThinQ da SmartThings, amma manhaja ba ta sauya halin ruwan da aka zuba.

Sai 'yan ƙananan injinan nan masu kama da bokiti, masu naɗewa, da ke yawo a tallan Facebook da TikTok. An yi su ne don safa da kayan ciki da na jarirai. Jiƙaƙƙen tawul ɗin wanka ya fi ƙarfin ɗan motarsu. Wanda ya saya don tawul ya yi asarar kuɗi.

Ko wane inji ne, kilon da aka rubuta a jikinsa nauyin busassun kaya ne, kuma bai kamata a cika shi maƙil ba. Tawul na son fili ya juya. A wanke shi daban da kaya masu zif ko ƙugiya, domin suna jan gashin. In zare ya fito, a yanke shi da almakashi, kada a ja.

Lissafin injin busarwa

Injin busar da kaya na gama-gari na jan wat 2,000 zuwa 3,000. In aka ɗauki mai wat 2,500 ya yi awa ɗaya da rabi, zai iya cin yunit uku da wani abu. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Ko a naira 200 aka yi lissafi, busarwa ɗaya ta haura naira 600, ban da kuɗin injin, ban da jiran KEDCO ta kawo wutar. Akwai sabon samfuri mai sake sarrafa zafinsa, wanda ba ya kai wat 1,000, amma tsadarsa ta fi.

A garin da rana ke busar da kaya cikin 'yan sa'o'i a mafi yawan watannin shekara, wannan kashe kuɗi ne a kan abin da ake samu kyauta. Wanda ya riga ya mallaki injin zai iya shanya tawul ya kusa bushewa, sannan ya sa shi a inji minti goma a mafi ƙarancin zafi. Laushin ɗaya ne, wutar kaɗan.

Shanya a hunturu, bazara da damina

Kafin a rataye tawul, a kama gefe biyu a kaɗa shi da ƙarfi sau goma zuwa ashirin, har ana jin ƙarar fat-fat. Wannan na tayar da gashin da wanki da matsewa suka kwantar. A baza shi gaba ɗaya a igiya, kada a ninke, kada a ɗora shi a kan katanga ko kwano, inda iska ba ta kaɗa shi. In ya kusa bushewa a sake kaɗawa, bayan an sauke kuma a murza shi da hannu kafin a ninke.

Manhajar hasashen yanayi da ke waya na nuna danshin iska, kuma lambar na da amfani. Da hunturu danshin iskar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. A irin wannan iska tawul na bushewa da wuri, in aka bar shi daga safe zuwa magariba sai ya bushe ƙayau, ga ƙura ta shige cikin gashin. A shanya shi a baranda ko inuwa mai iska, a saita ƙararrawar waya, a sauke da zarar ya bushe. Da bazara, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40 a Afrilu, rana na taimakawa wajen kashe ƙwayoyin cuta, amma tsawon yini a cikinta na koɗar da launi da raunana zare. Awa ɗaya ko biyu a rana, sauran a inuwa.

Da damina, musamman a Agusta, matsalar ta juye. Tawul kan yini ya kwana da danshi, ya fara wani wari mai tsami. Masu binciken kamfanin Kao sun nuna a 2012 cewa wata ƙwayar cuta mai suna Moraxella osloensis na cikin manyan masu jawo wannan wari. Turare ba ya maganinsa. A jiƙa tawul ɗin auduga a ruwa mai zafin digiri 60 in takardarsa ta yarda, sannan a hanzarta busarwa. A nan ne fanka mai caji ke da rana: wat kaɗan take ja, tana kaɗa tawul yana motsi, ta busar da shi a cikin ɗaki.

Takardar gefen tawul na faɗin abin da zai jure. Hoton baho da lamba a ciki zafin ruwa ne, alwatika bilic ce, akwati mai da'ira a ciki injin busarwa ne, hoton dutsen guga kuma guga. Duk wanda aka yi wa gicciye, an hana.

Saƙo ga mai wanki da guga

Ɗalibai da ma'aikata da yawa ba su wanki da kansu. Mai wanki da guga ya saba da shadda da yadi, inda ake son sitaci da ƙyalli da kari. Abin da ke gyara shadda shi ke ɓata tawul: sitaci na liƙe gashin, dutsen guga na kwantar da shi, kamar yadda bugu ke daddale shadda ta yi sheƙi. In za a ba da tawul, a faɗa tun farko: Malam, don Allah wannan ban da sitaci, ban da guga, a ɗauraye shi sosai a kaɗe.

Lafiyar fata, da lokacin haƙura

Ana son wanke tawul bayan amfani uku ko huɗu, a kuma baza shi ya bushe bayan kowane wanka, ba a dunƙule shi a kan ƙusa ko a jefa a gado ba. Da hunturu basilin da man kaɗe na komawa jikin tawul in ana goge hannu da shi bayan shafa mai, kuma maiƙon na hana shi shan ruwa. A ɗakin da ɗalibai da yawa ke kwana, aron tawul hanya ce ta yaɗa makero da ciwon idon da ake kira apolo. Kowa da nasa, kuma guda biyu matsakaita da ake musanyawa sun fi ɗaya mai kauri da ba ya bushewa.

Tawul ɗin da ya riga ya ƙandare yakan farfaɗo. A wanke shi da ruwan ɗumi ba tare da omo ba. In kumfa ta fito, to tsohon sabulu ne ke fita. A sake shi a ruwan khal, a ɗauraye da ruwa mai laushi, a kaɗe, a shanya a inuwa. Wanda gashinsa ya zube har ana hango saƙar ƙasa ya gama aiki, sai a mayar da shi tsumman goge ɗaki ko babur.

Ga mai kuɗin sayen na'ura ɗaya, injin wanki mai ɗakin matsewa ne ya fi yi wa tawul amfani, sai fanka mai caji don damina. Ga wanda ba shi da ko ɗaya, rage omo, ƙara ɗauraya, kaɗawa sau ashirin da sauke shanya a kan lokaci za su nuna bambanci tun a wankin Asabar mai zuwa.